Tsokar da Inna Ta Ba Ni Aro

Ni ba likita ba ce, ko da yake a layinmu na Dutse Alhaji ba wanda ya yarda da haka, duk wadda ɗanta ya yi zazzaɓi ƙofata take bugawa. Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce ni a wani asibiti a Abuja. Idan likitan tiyata ya ciro ƙari daga jikin mutum, wurina ake kawowa, in yanka shi siriri-siriri, in rina shi, in ɗora a kan gilashi don a duba ko ciwon daji ne. Na daɗe ina wannan aiki da firiza guda ɗaya wadda take mutuwa duk sa'ad da aka ɗauke wuta. Shugabanmu, wani Farfesa mai sanyin hali da ba ya iya ɗaga wa kowa murya, ya yi ta rubuta takardun neman tallafi har sai da muka haddace kalmomin da ake ƙin mutum da su cikin ladabi.

Sai wata shekara wata gidauniya ta ƙasar waje ta ce ta amince. Ranar da saƙon ya zo, Farfesa ya karanta shi sau uku a tsaye, sannan ya aika aka sayo mana tsire. Tallafin na binciken sankarar mama ne, amma da sharuɗɗa. Ba a ba mutum ɗaya, sai mun haɗa hannu mu uku: ɗakinmu, da sashen tiyata na asibitin, da wata jami'a a can ƙasarsu mai injinan da mu sai a hoto muke gani. Kuma abin da aka gano kada ya tsaya a takarda, sai ya koma gadon majinyaciya, a san dalilin da ya sa magani ɗaya yake yi wa wata aiki ya ƙi yi wa wata. Sharaɗin da ya ɗaure ni daga baya shi ne na suna. Kada sunan kowace mace ya bi tsokarta. Duk ɗan yankin naman da za a ajiye, lamba za a liƙa masa. Takardar da ta haɗa suna da lamba kuwa mutum ɗaya ne zai riƙe ta a kulle, duk wanda ya ga kwafinta a hannunsa ya lalata shi.

A zaman farko ni aka ba rubuta abin da aka tattauna, don ni ce ƙarama a ɗakin kuma rubutuna yana karantuwa. Da aka zo kan wanda zai riƙe wannan takarda, Farfesa ya dubi babban likitan tiyata.

"Likita, ai majinyatan naka ne, kai ya kamata ka riƙe."

Likita ya dafa ƙirji. "Haba, ranka ya daɗe, kai ka koyar da ni a aji. Ina ni ina riƙe amana kana zaune?"

"A'a, wallahi kai ka fi cancanta."

"Allah ya kiyaye, Oga."

Haka suka yi ta tura wa juna kamar manya biyu da suka haɗu a sahun gaba kowa yana ƙin yin limanci. Aka yi dariya, wani ya ce azahar ta yi, aka tashi. Na dubi takardata, wurin sunan babu komai. Na san ya kamata in ɗaga hannu in ce, to wane ne a cikinku? Amma ƙaramar ma'aikaciya kamar ni ta katse manya biyu suna cikin girmama juna? Na ce a raina za su ƙarasa maganar a hanyar masallaci. Ban sake tambaya ba.

Cikin matan farko da aka kwantar akwai wata Bafullatana mai tallar nono, daga wata ruga a bayan Tungan Maje. Inna nake ce mata, don ta isa haihuwata. Doguwa ce siririya, mai kallon mutum cikin ido har sai ya gyara tsayuwa. Za a cire mata mama na hagu, danginta kuma sun riga sun nemi a ba su abin da aka cire su je su binne, don a wurinsu, kamar yadda yake a gidanmu, abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ba shara ba ne. Ana gobe tiyata na je gadonta da fom ɗin neman yarda, tare da Sista, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, wata Bagwariya daga Kwali.

Na ce, "Inna, ɗan kaɗan muke so, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Za mu sa shi a cikin sanyi mu yi bincike, ko Allah zai sa a samu abin da zai taimaki wasu matan."

"Sauran fa?"

"Sauran za a ba danginki, kamar yadda kuka nema."

Ta ɗaga ido ta kalli fankar sama. Sannan ta ce, "To ranar da za a tashe ni, in tashi da giɓi ke nan?"

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Ba kyauta na ba ki ba, 'yata. Aro ne. In kun gama ki dawo mini da shi, ya je inda 'yan uwansa suke."

A fom ɗin babu wurin aro. Akwai na yarda, akwai ban yarda ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, hankalina yana kan cika adadin da aka ɗora mana na wannan watan. Na ce, "In sha Allahu, Inna, da hannuna zan kawo miki." Ta dangwala yatsa. Ba yaudararta na yi niyya ba, na ɗauka abu ne na buɗe firiza in ɗauko.

Aiki ya kankama. An saya mana sabuwar firiza da sola, na daina kwana da fargabar wuta. Duk tsokar da ta zo ina sa ta a 'yar kwalbar roba, in liƙa lamba, in rubuta suna da lambar a takarda, in sa a ambulan in kai ofishin Farfesa. Ban taɓa ajiye kwafi ba, don ni mai bin doka ce har ana yi mini tsiya a kai. Da gidauniya ta turo wata mata ta duba aikinmu, ta buɗe kowace durowa ba ta ga suna ko ɗaya ba. Ta tambayi wa ke riƙe da takardar sunaye, Farfesa ya ce tana wurin Likita, Likita kuma ranar yana ɗakin tiyata tun safe. Ni na ɗauka Farfesa miƙa masa ambulan ɗin yake yi. Matar ta yaba mini a gaban kowa. Na yi kwana uku ina jin kaina.

Bayan shekara biyu, wata ranar Talata da damina, Sista ta leƙo ɗakinmu ta ce, "Madam, wannan mama na Tungan Maje ya zo. Ya ce kaya nashi yana wurinki."

Na fita na tarar da Inna a kan benci. Ta rame, tana dogara sanda. Ciwon ya dawo, ya sauka a ƙashin bayanta, likitoci sun gaya mata abin da ya rage sai rage zafi. Bayan mun gaisa ta ce, "Na ji a jikina lokaci ya matso. Kuma masu gini sun kafa duwatsu a filin da muke, damina na ɗaukewa za mu tashi. Wancan da aka cire mini an binne shi a gefen maƙabartar ƙauye. Ina son abina ya je can kafin mu yi nisa."

Na ce, "Ba komai, Inna, sati mai zuwa."

Na tafi ofishin Farfesa da ƙarfina. Ya ce, "Ai takardar tana wurin Likita." Na tsallaka farfajiyar asibiti zuwa sashen tiyata. Likita ya cire tabarau ya ce, "Ai tana wurin Oga." Na koma na ce, ranka ya daɗe, ambulan ɗin da nake kawo maka fa? Ya nuna mini injin markaɗa takarda a gefen teburinsa. Shi a zatonsa kwafi nake kawo masa don ya shaida an yi aiki, asalin yana wurin Likita, doka kuma ta ce a lalata. Shekara biyu ina rubutawa yana markaɗewa, kowannenmu yana ganin ya cika aikinsa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na haɗa su wuri ɗaya. Farfesa ya ce laifinsa ne. Likita ya ce a'a, ranka ya daɗe, laifina ne. Farfesa ya ce wallahi nasa ne. Na tsaya ina kallonsu, da ba don tarbiyya ba da na buga tebur. Amma wa zan yi wa ihu? Wurin sunan da na bari babu komai yana nan a rubutuna, cikin fayil.

Binciken bai cutu ba, don kowace lamba tana tafe da bayaninta: shekarun matar a dunƙule, ɓangaren da aka cire, da irin ƙarin. Sunan ne kawai ya ɓace. Na zauna da waɗannan bayanai ina tacewa. Inna ba ta san shekarunta ba, Sista ce ta ƙiyasta mata. Na cire na dama, na cire matasa, na cire irin da ba nata ba. Suka rage bakwai. Daga nan ko ta ina na biyo, bakwai ne. Na kai wa kwamitin kula da haƙƙin majinyata shawarar a ɗebi jinin Inna a gwada da kwalaben bakwai. Suka ce a'a, don kafin a gano nata sai an tona na mata shida da aka yi wa alkawarin ba za a tona su ba. Na fito ina jin haushinsu, kuma na san gaskiya suka faɗa.

Satin nan ban zauna wuri ɗaya ba. In buɗe firiza, in jera kwalaben, in yi ta kallonsu kamar ɗaya za ta yi magana, in mayar. A gida na ƙona miya sau biyu. Mijina ya tambaye ni ina makullin mota, na amsa masa da faɗan da har yau bai san dalilinsa ba. A cunkoson Kubwa, ina cikin tasi, sai in ji kamar in fita in taka da ƙafa.

Sista ce ta kawo mafita. Ta ja ni gefe ta ce, "Madam, ɗauki ɗaya ka ba shi mana. Nama nama ne, wa zai sani? Matan nan yana so ya mutu da kwanciyar hankali, kai kuma kana ta wahala." Ba don mugunta ta faɗa ba. Ita ta wanke wa Inna ciwo sati uku, ta fi ni sonta.

Ranar Asabar na ɗauki kwalba ɗaya ba da sanin kowa ba, na sa a 'yar kulata da ƙanƙara. Na hau mota zuwa Zuba, na canja zuwa Tungan Maje, daga nan ɗan acaɓa ya shiga da ni cikin taɓo har rugar. Duk hanya ina gaya wa kaina ai ɗaya cikin bakwai ne, wataƙila ma nata ne na ɗauko.

Na same ta kwance a tabarma a gindin ɗorawa. Ta sa an wanke farin ƙyalle an shanya, ƙanenta yana zaune gefe da fartanya, yana jira. Aka kawo mini fura da nono. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Da ta tambaya, ina jin da na iya yin ƙaryar. Tashi kawai ta yi zaune da ƙyar, ta miƙo hannu biyu, irin yadda ake karɓar jariri.

Na riƙe kular a ƙirjina, na ji hawaye yana zubo mini. Na ce, "Inna, ban san ko naki ne ba." Na gaya mata komai, da manyan nan biyu, da injin markaɗa takarda, da shirun da na yi a zaman farko, da kwalabe bakwai.

Ta sauke hannunta a hankali. Ta daɗe tana kallona, na so ƙasa ta tsage in shige.

"Shanunmu in suka cakuɗe da na wasu a mashaya, ni da idona ɗaya mai kyau ina ware namu. Ku da tabarau da injina, bakwai kawai sun gagare ku?"

Na sunkuyar da kai ina kallon kular.

"Sauran shidan, masu su sun zo nema?"

"Su ba su ce aro ba ne, Inna. Wasunsu ma wataƙila sun rasu."

"In kun gama, me ake yi da su?"

Na ce, "Ƙonawa ake yi."

Ta juya ta dubi ƙanenta, ta sake dubana. "Wuƙa ba ta ishe su ba, sai an haɗa musu da wuta?" Ta koma ta kwanta. "Mayar da wannan cikin 'yan uwansa. In za ki dawo, ki zo mini da su duka bakwai."

Ranar Litinin na shiga ofishin Farfesa na faɗa masa abin da na yi. Ranar ce kaɗai na ga ransa ya ɓaci. Ya ce fitar da kwalba ba izini zai iya sa gidauniya ta janye tallafin gaba ɗaya, aikin mutum goma ya tafi a banza. Na ce na sani. Sannan ya ce in rubuto takardar neman izinin binne su. Na rubuta, na kira Likita, na ajiye ta a gabansu. Na ga Farfesa ya fara miƙa wa Likita biro, Likita ya fara dafa ƙirji. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai a sama. Likita, kai a ƙasa. Yanzu." Suka dube ni kamar ba su taɓa ganina ba, suka sa hannu.

Sai jira. Mutanen gidauniya suka ce ba a taɓa kawo musu irin wannan buƙata ba. Suka yi ta tambaya ta imel: wa zai binne, a ina, zurfin ramin nawa, shin sauran matan za su yarda? Muka yi zama ta bidiyo har sau biyu, na yi ta bayanin aro da Turancin da bai da wurin sa shi. Kwamitinmu ya duba fom ɗin da matan suka dangwala, ya ga an rubuta za a kawar da ragowar cikin mutunci, ya ce binnewa ta cika wannan. Amma kowa ya tsaya a kan abu ɗaya, ba za a saki kwalaben ba sai jami'ar can ta ce ta gama da su.

Ni da na tsani taɓon Dutse Alhaji, shekarar nan na zama mai roƙon ruwa. Kullum da safe sai na duba sama, in na ga hadari in ji sanyi, don muddin ana ruwa rugar ba za ta tashi ba. Duk Juma'a ina kiran ƙanen Inna. Tana ci? Kaɗan. Tana tashi? Sai an ɗaga ta. Ya ce kullum tana tambaya ko 'yar asibiti ta bugo.

Ana cikin haka jami'ar ta aiko da saƙo. Ɗaya daga cikin lambobinmu ta nuna musu wani abu da suke nema, suna son duk abin da ya rage a wannan kwalbar. Na duba lambar, tana cikin bakwai ɗin. Na zauna a ƙasa a gaban firiza. Don wannan aka ba da tallafin, don wannan Inna ta dangwala yatsa, ba ni da bakin hanawa. Da hannuna na naɗe ta na rufe akwatin.

Izini ya zo ciyawa ta fara bushewa. Na isa rugar na tarar an kwance rabin bukkokin, shanu sun riga sun yi gaba. Aka fito da Inna aka jingina ta da 'yarta. Na sa safar hannu, na buɗe kwalaben ɗaya bayan ɗaya, na juye a kan farin ƙyallen nan da aka wanke tun watannin baya. Ta bi su da yatsa daga nesa tana ƙirgawa.

"Bakwai kika ce."

Na gaya mata inda ɗayan ya tafi, da cewa ba zai dawo ba, ya ƙare a aikin.

"Ya yi musu amfani?"

"Sun ce ya nuna musu hanya, Inna. Ko zai kai ga magani, ban sani ba tukuna."

Ta lumshe ido. "To. In nawa ne ya tafi, ya yi abin da aka are shi dominsa, waɗannan kuma sun samu mai binne su. In yana nan ciki, na cika."

Ƙanenta ya naɗe ƙyallen, ya sa a kulata don kada rana ta taɓa shi, shi da maza biyu suka nufi maƙabarta. Mu mata muka zauna. Inna ta riƙe hannuna, nata ba nauyi. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe, bayan sati uku ƙanenta ya bugo mini daga inda suka sauka. Har yau ban san ko nata yana cikin shidan ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya. Wani lokaci ina tsakiyar aiki abin zai taso mini, sai in ajiye wuƙa in fita in zaga farfajiya.

Da mazan suka dawo ranar, na miƙe zan tafi. Na ce su riƙe kular, za ta yi musu amfani a hanya. Inna ta yi wa 'yarta magana da Fulatanci, yarinyar ta ɗauka ta je ta wanke ta da toka, ta goge, ta kawo. Inna ta karɓa ta miƙo mini da kanta.

"Ɗauki abinki, 'yata. Ni ba na tafiya da kayan aro."